Ranar da na yi wa ɗan majalisar Turai tafinta a rumfar zaɓe

A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 21 ga Afrilu, 2007, masu sa ido na Tarayyar Turai suka ɗauke ni tafinta. Jagoran tawagar shi ne Max van den Berg, ɗan majalisar Turai daga Holan. Ni kuwa wani ɗan majalisar daban aka haɗa ni da shi, muka nufi ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Gumel.

Sai a ranar 16 ga wata Kotun Ƙoli ta ce a saka Atiku cikin 'yan takara, aka sake buga takardun ƙuri'a a gurguje a Afirka ta Kudu. Ranar zaɓe mun tarar da mutane zaune a gindin darbejiya tun hantsi, suna jiran takardun. Wani dattijo ya kamo hannun rigata ya ce, "Ɗana, gaya wa Baturen nan ya sa a kawo kayan." Na ce, "Baba, ba shi da ikon sa kowa komai." Ya dube ni kamar ni na hana.

Haka aikin yake. Ɗan majalisar bai taɓa akwati ba, bai yi wa ma'aikaci gyara ba. Agogo yake dubawa ya rubuta lokaci. Da takardun suka iso ya nemi a juya masa ɗaya, bai ga lambar siriyal ba, ya rubuta. Ya ga ana dangwale a fili ejan na leƙe, ya rubuta. Ya kuma gargaɗe ni kada in ƙara gishiri a maganar kowa, ko da na san mai maganar ƙarya yake shararawa. Wannan ya fi komai ba ni wuya.

Abin da ya dame ni shi ne kafin magariba muka juya saboda dokar tsaro, alhali da dare ake haɗa sakamako. 'Yan sa ido na gida su ke kwana a wurin, amma wa ke jin muryarsu?

Ranar 23 ga wata van den Berg ya bayyana cewa zaɓen bai kai mizanin da duniya ta amince da shi ba. 'Yar'adua, wanda aka bayyana ya ci zaɓen, da kansa ya amsa akwai kurakurai a jawabin rantsuwarsa, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyaran harkar zaɓe. A Disamban 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa, alƙalai 4 suka rinjayi 3 a ƙarar da Buhari ya shigar.