Godiya: mun koma cikin majami'armu

Salama a gare ku, 'yan'uwa na kusa da na nesa. Ranar Lahadin da ta wuce muka koma yin sujada a cikin majami'armu ta Angilikan da ke ƙauyenmu a ƙasar Yawuri, bayan wata biyar muna taruwa a gindin darbejiya. Dattawan ikilisiya suka ɗora mini wannan rubutu, da yake ni ne sakatare.

Ga waɗanda labari bai kai musu ba, iskar farkon damina ce ta yaye kwanon rufin, ta jefa shi a gonar maƙwabci, ruwa kuma ya kwana yana dukan ginin ƙasa har bangon gabas ya zube. Da gari ya waye, ba bencina ko gangunan mawaƙa tsofaffinmu suka fara tambaya ba. Akwatin da ke bayan bagade suka nufa.

A cikinsa ne tsohon Littafi Mai Tsarki yake, fassarar nan ta 1932 wadda Likita Mila na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan, ya sa hannu a cikinta. Katikis na farko, wato malamin da ke koyar da addini da jagorantar sujada, shi ne ya zo da shi daga Wusasa ta Zariya, lokacin da majami'ar rumfar zana ce kawai, kuma da shi iyayenmu da yawa suka koyi karatun boko. Mun same shi jiƙe sharkaf. Mama shugabar Zumuntar Mata ta tafi da shi gida, ta yi ta shanya shi a inuwa shafi-shafi, tana danne shi da dutsen niƙa. Mama, Allah ya saka miki. Bangon ya tafi, amma daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna ana karantawa.

Ba mu taɓa samun Rabaran na kanmu ba. Sau ɗaya a wata yake zuwa ba mu Jibin Ubangiji, sauran Lahadi katikis ke riƙe mu. Kafin a kafa Dayosis na Kebbi a 1996, wato yankin da ke da bishop nasa, sai an jira bishop daga Sakkwato kafin a yi wa yara tabbatarwa, wato ɗora musu hannu su zama cikakkun 'yan ikilisiya. Saboda haka mun saba da ɗaukar kayanmu da kanmu, sai dai wannan karon kayan sun fi ƙarfin wuyanmu.

Muna godiya ga Baba Rabaran, wanda ya yi ta keto laka a kan babur bai fasa ko wata ɗaya ba. Matasa suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa. 'Ya'yanmu da ke Birnin Kebbi da Kontagora suka haɗa kuɗin kwano, gwanjon kayan godiyar kaka ya biya kafinta.

Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Mai gari, ranka ya daɗe, kai ka aiko da tamfol tun ba mu roƙa ba. Malamin da kwanon ya faɗa a gonarsa ya lalata masa shuka, da muka je ba shi haƙuri sai ya ce a bar maganar, washegari kuma ya turo amalankensa ana kwasar yashi.

Tagogi biyu har yanzu buhu ne a jikinsu, za mu zauna a kan maganar bayan sujada mako mai zuwa. Wanda kuma ya bar kwanonsa ko tukunyarsa ranar bikin komawarmu, yana ɗakin katikis.