Robobi 11 a ƙasan wurin wanke-wanke

Abin ya fara ne ranar da bututun ƙasan wurin wanke-wanke na ya fara yoyo, mai gyara yace in kwashe duk abin da ke cikin durowar kafin ya iso. Na durƙusa ina fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a ƙasa, wallahi sai da na ji kunyar kaina, robobi 11 na ƙirga. Na goge gilas daban, na tayil daban, na kukar gas daban, na banɗaki har kala uku, akwai wani ma mai ruwan hoda da ban tuna ranar da na saye shi ba, murfin ya maƙale ya ƙi buɗuwa. Maigida ya leƙo yana riƙe da kofin shayi, ya kalle ni ya kalli robobin yace "Maman yara, kanti za ki buɗe ne?" Dariya na yi amma abin ya tsaya min a rai, dan kusan kullum ni ce mai ƙorafin kuɗin cefane ba ya kaiwa ƙarshen wata, ashe ga inda wani ɓangaren yake kwance yana shan ƙura.

Da daddare na zauna na dinga juya robobin ina karanta ƙananan rubutun nan na baya da ba wanda ke karantawa. Kusan dukkansu ruwa ne ya fi yawa a ciki, sai ɗan sinadarin sabulu, sai kala, sai ƙamshi. Kenan ruwa da roba da hoton kicin mai sheƙi nake ta biya.

Toh daga nan na shiga intanet neman yadda ake haɗa kayan tsafta a gida, kuma nan na yi kuskurena na farko, wanda inaga rabin masu karanta wannan sun taɓa yi. Duk bidiyon da ka buɗe sai ka ga an zuba bekin soda a kwano an kwarara ruwan khal, wato binega, a kai, abu ya taso fuuu da kumfa, ana ta murna wai an haɗa maganin datti mai ƙarfi. Ni ma na haɗa na ɗura a robar feshi, na yi kusan wata guda ina fesawa ina gogewa ina jin kaina wata mai dabara. Ƙanwata ce da ta karanci kimiyya ta zo hutu ta gani, tace "Yaya, kin san dai ruwan gishiri kike fesawa ko?" Ta zaunar da ni ta min bayani, khal asid ne, wanda ake sayarwa na girki yawanci kashi 5 cikin 100 ne asid ɗin, sauran ruwa. Ita kuma bekin soda kishiyar asid ce. In suka haɗu kashe juna suke yi, wannan kumfar da ke burge mu iska ce kawai irin wadda ke cikin lemon kwalba tana ficewa, abin da ya rage a robar ruwa ne da wani ɗan gishiri. Gogewar da hannuna ke yi ita ke fitar da dattin tun farko, ba haɗin ba. Ganin kitse nake wa rogo.

Abin da ta koya min a ranar shi ne har yau nake aiki da shi, kuma shi ya rage robobin nan suka koma huɗu. Datti iri-iri ne, kowanne da abin da yake ji. Maiƙo sabulu yake ji, ko abu mai kaifin soda. Farin ɓawon nan da ke taruwa a bakin famfo da cikin butar lantarki da kan shawa, wanda ruwa mai yawan ma'adinai ke bari, shi asid yake ji. Ƙwayoyin cuta kuma bilic, ruwan nan mai wari da ake sa wa fararen kaya su ƙara haske. In ka gane wannan ba ka buƙatar roba ta musamman dan kowane lungu na gida.

Butar lantarkina ce ta fara gamsar da ni. Cikinta ya yi fari fat kamar an shafa alli, har ɓarɓashi nake gani a shayi, na riga na yanke shawarar sayen sabuwa. Na zuba khal rabi ruwa rabi har ya rufe wurin, na tafasa, na kashe na barshi kamar minti talatin. Da na zubar, ɓawon ya saki da kanshi, ƙasan butar ya dawo yana ɗaukar ido, na ɗauraye na tafasa ruwa zalla sau biyu dan warin ya fita shikenan. Kan shawa kuma leda nake zuba wa khal in ɗaura a jikinshi da kyauro ya kwana, da safe ramukan da suka toshe sun buɗe. Bekin soda ita kuma kwaɓa ta nake yi da ɗan ruwa ta yi kauri, in shafa a tukunyar da ta kama ko ƙasan obin, in barta ta jima sannan in goge da soso, tana da ɗan kaushi mai kankare abu ba tare da ta karce shi sosai ba. Amma banda tukunyar alminiyom, baƙi take sa ta. Kuma a lura bekin soda daban bekin foda daban, ta biyun an riga an haɗa ta da asid da sitaci dan yin kek, asarar kuɗi ce a yi wanke-wanke da ita.

Na yau da kullum kuwa, teburi, ƙofar firij, jikin kuka, ruwa ne cikin robar feshi da ɗan ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. Iyakarta kenan. Tsumma kuma tsofaffin rigunan yara masu auduga nake yankawa, na daina sayen takardar goge-goge gaba ɗaya.

Yanzu bari in faɗi inda na yi ɓarna, dan kar a ɗauka komai lafiya lau ya tafi. Da na ga aikin khal a buta sai na ɗauka ya zama maganin komai, na kwarara shi a kan wani ɗan teburin mabul da aka ba ni kyauta lokacin biki, na tafi ɗaukar waya, na dawo na goge, sai ga tabo dishi-dishi daidai inda ruwan ya kwanta, sheƙin ya tafi kuma har yau bai dawo ba, faranti nake ɗorawa a wurin in baƙi za su zo. Ashe mabul da wannan farin ɓawon na buta asalinsu abu ɗaya ne, asid ɗin da ya narkar da wancan shi ya ci wannan. Haka simintin da ke tsakanin tayil, in ana yawan jiƙa shi da khal yana zaizayewa a hankali.

Ɗayar kuma ta fi wannan muni, kuma ita ce dalilin da yasa nace sai na rubuta wannan ko da ba wanda zai karanta sauran. Wata rana ina wanke banɗaki na zuba maganin masai irin mai asid ɗin nan, na ga tabon bai fita ba, sai nace bari in ƙara da bilic su haɗu su yi ƙarfi. Ko minti ɗaya ba a yi ba idona ya fara zafi, maƙogwaro ya shaƙe, tari ya sarƙe ni, da kyar na lalubi ƙofa na fito ina hawaye. Allah ya taimaka tagar a buɗe take kuma yara suna makaranta. Bilic in ya haɗu da asid, ko khal ne ko ruwan lemon tsami ko maganin masai, iskar kulorin yake fitarwa, ita ce fa gubar da aka saki a kan sojoji a garin Ypres na Beljiyam a 1915 lokacin yaƙin duniya na ɗaya. In kuma da amoniya ya haɗu, wadda ke cikin wasu magungunan goge gilas, wata gubar ce daban take tashi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Bilic ruwa kawai ake haɗa shi da shi, ruwan ma mai sanyi.

Kuma ban daina sayen bilic ba, duk da masu bidiyo na cewa khal ya wadatar. Bai wadatar ba. In yaro ya yi amai ko gudawa, ko an yanka ɗanyen nama a kan katako, khal ba shi ne abin dogaro ba. Tsimin yana wajen awo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya lokacin korona ta ba da shawarar ƙarfin 0.1 cikin 100 dan goge wurare, wato in bilic ɗinki mai kashi 5 ne, awo 1 nashi awo 49 na ruwa, kusan ƙaramin cokali huɗu a lita ɗaya. Da can kwararawa nake yi da ido har sai warin ya cika gida wai shi ne alamar tsafta. A fara wanke wurin da sabulu dan datti na rage mishi ƙarfi, a shafa, a barshi aƙalla minti ɗaya. Wanda aka sirka kuma ba ya kwana da ƙarfinshi, a haɗa na ranar kawai. Roba ɗaya yanzu tana min watanni.

Dan Allah duk abin da aka haɗa a rubuta sunanshi a jiki da maka, kuma kar a ɗura a robar lemo ko ta ruwan sha. Yaro bai san bambanci ba.

Sabulun wanki na gida da ake gurza sabulun sanda a haɗa da soda, na gwada sau ɗaya na bari, ruwanmu mai ma'adinai ne, sai wani farin datti ya dinga maƙalewa a tawul suna yin tauri. Na koma omo na kawai na rage awo, dan a nan ma ashe ninki biyu na abin da aka rubuta a jikin leda nake zubawa, a tunanina yawan kumfa shi ne fita.

Ɓangaren sayayya kuwa, abu ɗaya ne ya canza min lissafi, kalkuletar waya. Na daina kallon kuɗin da aka liƙa, ina raba shi da nauyin abin in ga nawa kowane giram 100 ya kama. Za ka sha mamaki, ba kullum babban ne ya fi araha ba, kuma akwai dabarar nan da kamfanoni ke yi, leda tana nan yadda ka santa, kuɗi yana nan, amma abin da da kilo 1 ne ya koma giram 900 ba tare da an sanar da kowa ba. Ance ido ba mudu ba ya san kima, toh a kanti dai nawa idon bai sani ba sai na danna waya. Sannan ina sunkuyawa, dan masu tsada su ake jerawa a kantar da ke daidai ido, masu sauƙin suna can ƙasa kusa da ƙafa ko can sama. Su fa masu manyan kantuna ba wasa suke ba. Keken tura kayan nan ma wani mai kanti ne a Oklahoma ta Amurka, Sylvan Goldman, ya fito da shi a 1937 dan ya lura mutane na daina ɗaukar kaya da zarar kwando ya musu nauyi a hannu, da farko ma mutane ƙin turawa suka yi sai da ya ɗauki hayar wasu suna zagaye da shi kamar masu sayayya. Tun da na ji wannan in abu biyar zan saya kwandon hannu nake ɗauka, nauyin da kanshi yake ce min ya isa.

Ina rubuta abin da zan saya tun daga gida bayan na buɗe durowa na gani da idona, ba na fita da yunwa, kuma in da hali ba na fita da yara, wannan kowace uwa ta san dalili.

Rangwame ne har yanzu yake kada ni wani lokacin. "Sayi biyu a baka ɗaya", sai in kwaso uku alhali ɗaya ma da kyar zai ƙare kafin ya lalace. Sari yana da kyau a abin da ba ya ɓaci, sabulu, omo, bekin soda, takardar banɗaki, waɗannan in na samu da sauƙi ina saya da yawa, wani lokacin mu haɗa kuɗi da ƙanwata mu sayi katan mu raba. Amma kayan da ke ruɓewa, abin da ka zubar a shara ai ba araha ka saye shi ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ne, ba daga otal ko kanti ba, kusan kilo 79 kowane mutum a shekara. Da na karanta na tuna aljihun ƙasan firij ɗina da abin da nake tsinta a ciki duk ƙarshen mako, ban ce komai ba. Shi bilic ma ba a sarinshi da yawa, ko ba a buɗe ba ƙarfinshi na raguwa da watanni, musamman a wuri mai zafi.

Akwai kuma wurin da na daina neman araha kwata-kwata. Soso da buroshi da kan mopa, na sayi masu sauƙin sau uku suna wargajewa cikin sati biyu, na huɗun na sayi mai kyau yana nan har yau. Haka sabulun wanke-wanke, mai arahar ruwa ne tsululu sai ka matsa sau huɗu, mai kaurin ɗigo biyu ya isa, in ka lissafa mai tsadar ne mai sauƙin.

Jiya maigida ya buɗe durowar yana neman abin goge gilashin mota, ya tarar da khal, bekin soda, sabulu, da robar feshi mai rubutun maka a jiki, bilic ɗin yana can sama inda yara ba sa kaiwa. Yace "ina mai ruwan shuɗin nan?" Nace ya ƙare tun watanni uku, na miƙa mishi robar da na sirka khal da ruwa da tsohuwar rigar Abba da na yanka. Ya shinshina ya yamutsa fuska yace warin kamar me, nace in ya bushe zai tafi. Ya fita yana gunaguni, ni kuma na koma kan tukunyar da na jiƙa tun safe.