Injin da zai sha naitiros daga ciki ake gina shi

Kusan duk wanda ya shigo garejina da maganar naitiros, wato iskar gas ɗin nan da ake fesa wa inji daga kwalba don ƙara masa ƙarfi, tambayarsa ɗaya ce, oga yaushe za ka ɗaura min kwalba? Ni kuma sai in ce masa zauna tukuna mu yi maganar cikin injinka, don kwalba da tiyo da makunni aikin yini ɗaya ne, wahalar tana can ciki inda ido baya kaiwa.

Shi naitiros ɗin nan da kansa ba ya ci da wuta fa. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta wajen kashi 23 ne cikin 100 in da nauyi aka auna, na naitiros kuwa wajen kashi 36, to idan ya shiga silinda zafi ya kai kamar digiri 300 a ma'aunin Celsius sai ya rabu ya saki oksijin ɗin, ga shi yana fitowa daga kwalba da sanyin bala'i har iskar da ke shiga inji ta ƙara kauri. Tun yaƙin duniya na biyu Jamusawa suke sa shi a jiragen yaƙinsu don su samu ƙarfi can sama inda iska ta yi ƙaranci. Amma oksijin sai da fetur daidai gwargwadonsa, in fetur ya gaza ko na daƙiƙa biyu ne wallahi sai fistin ya narke.

Maigidana da ya koya min aikin nan, Allah ya saka masa da alheri, bai bar ni na taɓa kwalba ba sai da na gaji da goge zoben fistin. Ka ɗauki zobe ka sa a silinda, ka tura shi da kan fistin ya sauka kamar inci ɗaya ya zauna daidai ba karkacewa, sannan ka zura ma'auni tsakanin bakunan biyu. Ka ciro, ka goga kaɗan daga waje zuwa ciki, gefe ɗaya kawai, ka share kaifin, ka mayar ka sake aunawa. Silinda mai faɗin inci 4 a motar yau da kullum tazarar bakunan zoben wajen inci 0.018 ce, amma mai naitiros muna buɗe ta zuwa 0.022 ko fiye, saboda zafi na sa zobe ya kumbura, in bakunan suka haɗu babu inda zai je sai ya fasa gefen fistin. Ranar da na yi gaggawa na wuce awo a zobe ɗaya bai min faɗa ba, ajiye shi ya yi a gabana ya ce in ɗauko sabo in fara daga farko, har yau in na riƙe zobe sai na tuna fuskarsa.

Fistin na zubi ba ya shiga injin da na gina, sai na ƙira, irin alminiyon 2618 ɗin nan da yake jure duka bai tsage ba. Yana buɗewa da zafi sosai shi yasa ake ba shi ɗan fili, da safe za ka ji ɗan ƙwanƙwasa kafin inji ya ɗumama, kuma ina faɗa wa mai mota tun farko kada ya tsorata. Kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, na ƙarfen 4340, notika na kamfanin ARP, gasket mai falle-fallen ƙarfe. Anan ne kayan jabu suke cin raina, a kwali an rubuta na ƙira, ka ɗora a sikeli ka ga wannan ya fi wancan nauyi, ka juya cikinsa ka ga alamar zubi ƙarara. Na sha mayar da kaya aiki ya tsaya sati biyu mai mota yana ta waya, na gwammace haka.

Sai kuma masu cewa ai wane ya ce zai min da rabin kuɗin. Na sani zai yi, zai ɗaura kwalba a kan gajiyayyen inji da tsohon famfon mai, bai ja tayimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya ba bai canza filogi ba, in inji ya tashi aiki a ce naitiros ne ke kashe mota, kuma ƙarshe gurina ake jawo ta.

A wajena duk ƙarin ƙarfin doki 50 ana jan tayimin baya digiri 2, a sa filogi mai sanyi, naitiros ba zai buɗe ba sai totur ya kai ƙasa kuma inji ya haura juyi 3000, in matsin fetur ya faɗi makunni ya yanke shi nan take. Kwalba ta tsaya tsakanin psi 900 da 950 a agogon matsi, da bargon lantarki ake ɗumama ta, kar wanda ya kusanto ta da wuta. Da ƙaramin jet, wato ɗan bakin da ke ƙayyade yawan naitiros da ke shiga, nake farawa, a yi gudu ɗaya a filin gwaji a kashe inji, in kwance filogi ɗaya bayan ɗaya da zafinsu in duba a haske, in na ga ɗigo-ɗigo kamar barbashin azurfa a jikin farin filogin to fistin ya fara ciwo, ba za mu ƙara jet ba sai na gano dalili.

Yanzu haka akwai mai silinda takwas a kan benci, na gama zobban silinda biyar, saura uku gobe in Allah ya kai mu.