Kogon Ogbunike: ku shiga, amma ku rufe hanci

Sarin kaya ya kai mu Anacha ni da ƙanena, da muka gama lodi sai ya ce Yaya mu leƙa kogon Ogbunike mana tunda ba nisa, nan ƙaramar hukumar Oyi ne a jihar Anambra. Kafin ka kai bakin kogon sai ka sauka matakala 317, kuma ba a shiga da takalmi, al'adar masu wurin ce, muka cire.

Ciki kam tubarkalla, ramuka sun rarrabu ta ko'ina, wani sai da rarrafe, ga ruwa mai sanyi na bin ƙafarka, kana ɗaga tocila sai jemagu birjik a sama. Amma warin kashinsu ne ya fara tarbar mu, kuma nan matsalar take. A 1994 aka wallafa binciken da ya gano ƙwayar histoplasma a ƙasar wannan kogon, wani naman gwari ne da ke rayuwa a ƙasar da ta cakuɗa da kashin jemage, kana rarrafe kana tada ƙura kana shaƙa shi ke nan ya shiga huhu. Wasu ko alama ba za su gani ba, wasu zazzaɓi da tari, irin na Afirka kuma ya kan fito a fata da ƙashi, kuma sau da yawa ana ɗaukar ciwon a matsayin tarin fuka a yi ta shan maganin da ba nasa ba.

Shi ya sa tun a kemis na saya mana takunkumi N95, mai kama fuska sosai, na yadi bai wadatar ba. Wallahi abin da ya taɓa min zuciya ƴan makaranta ne da muka tarar ciki fuska buɗe suna ta ihu don jemagu su tashi. Na roƙi malaminsu ya hana su, in jemage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu a wuce asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

Mai rauni a ƙafa kar ya taka ruwan, mai raunin garkuwar jiki kuma gara ya tsaya daga waje. Da muka fito muka wanke hannu da ƙafa kafin mu taɓa abinci, muka ƙulle tufafin da muka shiga da su a leda, na ce wa ƙanena in zazzaɓi ya zo cikin sati uku kar ya ce maleriya ce kawai, ya faɗa wa likita ya shiga kogon jemagu.