Bar shi ya rataya jakarsa da kansa

Shekarata ta farko a ajin share fage, kafin ƙarfe 8 na safe na riga na jiƙe da gumi, ko da kuwa hunturu ake yi. Yara 34 ne a ajin, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, kuma kowa ya shigo sai ya miƙo min jaka. Ni ke cire musu rigar sanyi, ni ke jera gorunan ruwa, ni ke laluben fensirin da ya maƙale a ƙasan jaka. A lokacin gani nake wannan shi ne kula da yara, iyaye ma suna ta yabo, wai Malama akwai son yara.

Wata Litinin, Hajiyar da ta fi shekara 20 a sashen ta tsaya bakin ƙofa tana kallona. Da aka fita tara sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, hannunki ya yi yawa a kan yaran nan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, wa zai buɗe musu jaka?" Maganar ta sosa min rai, don na san gaskiya ta faɗa. Ta tuna min da makarantar allo, inda ƙaramin yaro ya san inda allonsa yake jingine, ya ɗauko, ya wanke, ya shanya, babu mai bin bayansa.

Muka kira kafinta ya buga katako a bango da ƙusoshi, daidai kafaɗar yaro. Tunda ba su fara karatu ba, kowace ƙusa na manna mata hoto: wannan raƙumi, wancan kifi, waccan mangwaro. A kwalejin ilimi mun karanta labarin Mariya Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayinsu. Na rubuta hakan a jarrabawa na ci, amma ban gane nufinta ba sai ranar da na ga yarinya ta kai hannu ga ƙusarta ba tare da ta yi ɗage ba.

Da farko na yi gaggawa. Abubuwa bakwai na jera musu a rana ɗaya, aji ya rikice, har da masu kuka. Sai na koma abu ɗaya a mako. Sallama da rataya jaka, sannan ajiye gora a kan benci, sannan kowa ya ɗauki katinsa daga kwalin "gida" ya saka a kwalin "makaranta", ya je ya zauna a tabarma. Katin nan ya rage min wahalar kiran suna, kuma su da kansu suke lura da wanda bai zo ba.

Abin da ya fi min wuya shi ne riƙe hannuna. Akwai wani yaro mai shiru-shiru da zif ɗin rigar sanyinsa ke cijewa kullum. Ran nan na durƙusa gabansa, na haɗe hannayena a baya, na ce, "Riƙe ƙasan da hagu, ka ja a hankali." Ya ja, ya cije. Ya kalle ni, idonsa ya ciko. Na ce, "Sake gwadawa, ina nan." Mun kai minti huɗu a haka, ana ta kaɗa ƙararrawar taron safe. Da zif ɗin ya zame har ƙasa, sai ya ɗaga murya, "Malama, na yi!" Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba.

Iyaye ma sai da muka sha magana. Na roƙe su su riƙa tsayawa bakin ƙofa, su bar yaro ya shigo da jakarsa. Wata kaka ta ce min ita ba ta kawo jikanta a wahalar da shi ba. Na ce, "Iya, ki ba ni mako biyu." Ta ba ni, ko da yake har yau takan leƙo ta taga.

Duk bayan dogon hutu wasu kan manta, mu koma baya mu sake bi ɗaya bayan ɗaya. Idan mai adaidaita sahu ya sauke yara takwas a lokaci guda, har yanzu ana turereniya a gaban katakon, shi ya sa na ce da kafinta ya zo ranar Asabar ya raba shi gida biyu.