Takin da ke ɓoye a tankin kifin teku

Sana'ata ita ce haɗa tankunan kifin ado na ruwan gishiri da kula da su a Abuja, ni da yara biyu da ke aiki a hannuna. Mu jera duwatsu, mu zuba yashi, mu dama gishiri gram 35 a kowace lita, mu kawo kifi da murjani, sannan duk mako mu zagaya gidaje da otal-otal. Yawancin kiran da nake samu da sassafe magana ɗaya ce: gansakuka ta rufe gilashi, kuma mai gida na da baƙi.

Duk wanda ya taɓa noma zai gane matsalar nan take. Biyu daga cikin abubuwan da ke cikin buhun takin NPK, wato naitirojin da fosfarus, su ne ke taruwa a tanki. Kifi ya ci ya yi kashi, ragowar abinci ta ruɓe, amoniya ta fito, bakteriya su mayar da ita naitirayit, daga nan naitiret. Fosfet kuwa da abincin yake shigowa, wani lokaci da ruwan. Ga taki, ga fitila mai ƙarfi, ga ɗumi na digiri 25 ko 26. Gona ce aka gyara, dole wani abu ya tsiro.

Akwai wani gida da ba na mantawa. Tanki ne mai cin lita 600, gansakuka mai gashi ta lulluɓe duwatsun har tana kaɗawa kamar ciyawar fadama, yashin kuma ya yi wani jan yauƙi mai ƙananan kumfa a kai. Wannan jan ma bakteriya ne, kama kawai yake da gansakuka. Na ɗebi ruwa na gwada, fosfet ya nuna kusan sifili. Alhaji mai gidan ya ce, "To ka gani, ruwana ƙalau yake." Na ce, "Ranka ya daɗe, takin yana nan, gansakukar ce ke shanye shi kafin ya kai ga kwalbar gwaji."

Sai na zauna na yi ta tambaya. Ashe yaran gidan kowa da lokacin da yake barbaɗa wa kifi abinci, don suna son ganin yadda suke rububi. Matsala ta biyu ta fi damuna. Lokacin hunturu ruwa na saurin ƙafewa, sai yaron gida ya riƙa cikawa da ruwan burtsatse. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri da duk abin da ya narke a ciki suna nan, don haka kowane bokiti ƙarin kaya ne a kan na jiya. Shi ya sa ba na karɓar aikin da mai shi ya ƙi sayen na'urar tacewa ta RO/DI. Ruwan da za a ƙara sai mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ta nuna 0. Na sha rasa kwastoma a kan wannan sharaɗin, kuma ban janye shi ba.

Gyaran babu abin mamaki a ciki. Abinci ya koma hannun mutum ɗaya, abin da kifi zai cinye cikin minti biyu. Muka rage fitila zuwa awa 8, muka wanke injin kumfa da ke tsamo dauɗa kafin ta ruɓe, muna canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Gashin kuwa da hannu muke tuge shi, a zuƙe da tiyo, domin duk abin da ka bari a ciki zai ruɓe ya koma taki. A ƙaramin tankin da ke ƙasa muka dasa ciyawar teku Chaetomorpha, fitilarta na kunne da dare, ita ma ta riƙa cin takin, in ta yi yawa mu yanke mu zubar. Dodon koɗi irin su turbo da torokus sun taimaka da kiwo.

Inda ake shan wahala shi ne haƙuri. Duwatsu da yashi na riƙe fosfet, su riƙa sakin shi a hankali tsawon watanni. Farkon shigata sana'ar na taɓa gaggawa, na cika garin ƙarfen GFO mai tsotse fosfet a wani tanki har komai ya koma sifili na gaske. Murjanin ya koɗe cikin 'yan kwanaki, domin ƙananan halittun da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi su ma taki suke buƙata. Wani yauƙi ruwan ƙasa ya biyo baya, ya fi na farko wuyar magani. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan nake barin naitiret tsakanin miligram 2 zuwa 10 a lita, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1.

Tankin Alhaji sai a wata na uku duwatsun suka fara fito da wani ɓawo mai tauri mai launin shunayya, wanda muke murnar gani. Ƙaramar 'yarsa ce yanzu ke riƙe da cokalin abincin, ita ke rubuta awon ranar Asabar a littafin da na bar musu.