Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gwangwanin Sallah

Wancan satin na tsaya a inda Baban yara ya amince in shiga makarantar matan aure ta bayan la'asar a Unguwar Rogo, ina da 'ya'ya biyar ko sunana ban iya rubutawa ba. To yau maganar gwangwanin sallah zan yi, don wallahi har yanzu abin yana cina a rai.

Asalinsa azumin 2001 ne. Duk ɗan Jos ya san rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba, ba sai na tono ba. Azumi ya kama mu cikin sanyi, sallah kuma ta faɗo a tsakiyar Disamba, ga bencin gaba na ajinmu wayam saboda mata huɗu suna gida suna takaba. Goggo mai masa ita ce babba a ajin, ta haifi malamar ma, rannan sai ga ta da gwangwanin Bournvita ta wanke shi tas ta huda murfin da wuƙa, ta ce kowa ta jefa abin da Allah ya hore mata, yaran masu takabar nan ba za su fita idi da tsohon kaya ba muna raye. Naira biyar, naira goma, wata ma mudun masara ta kawo. Sai ta miƙo min littafi ta ce, "Ke 'yar nan, kuɗin maraya garwashi ne, ko sisi ki rubuta." Ni da lokacin 6 da 9 suke rikita ni! A kan littafin nan na iya lissafi, da dare a gaban fitilar ƙwai babbar 'yata tana duba min.

Ana jibi sallah muka shiga kasuwar Taminus muka sayo yadi da rigunan sanyi na gwanjo, Goggo tana ciniki kaman za ta yi kuka. Watan Fabrairun 2002 kasuwar ta ƙone, daga nan Katako muka koma sayayya.

Shekara ta kai ashirin ana yi, daga baya har da malamai ake ɗinka wa, da babbar sallah a haɗa a sayi akuya. Amma a walimar bara wata ta riƙe lasifika ta ce wai wata Hajiya ce ta kafa asusun, Hajiyar da sai bayan rikicin 2008 ta tare a unguwar. Ko sunan Goggo ba a kira ba balle a yi mata addu'a, Allah ya jiƙanta. Kuma bakin mai lasifikar nan dai shi ne ya taɓa cewa kuɗi sun yi ƙafa a hannuna, shekarar da na haifi auta. Ban yi musu da kowa ba, littafi na ɗauko na karanta musu layi-layi har lissafi ya cika cif. Da Goggo ba ta ce min garwashi ne ba, da me zan kare kaina ranar?

Tun wahalar takardun kuɗi ta 2023 aka koma tiransifa, yara masu waya ke riƙe da komai, ban ƙi ba. Na dai tambaye su ina littafi, suka ce yana cikin waya. Gwangwanin kam yana ƙasan gadona da littattafai bakwai, wanda duk ke musu ya zo ya gani.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin rasuwar Goggo da wasiyyar da ta bar min.